Amsar da Ma'u Ta Ba Mai Unguwa

Asibi dillaliya ce ta kawo maganar, wata Laraba da hantsi, a ƙarshen daminar 1954. Ta shigo gidan su Ma'u a Gwale da ƙullin kaya a ka, ta sauke a gindin rumfa, ta shiga baza tasoshi da kwanuka a kan tabarma. Ma'u tana bakin murhu tana dama wa Lami koko. Da ta waiwayo idonta ya faɗa kan wata 'yar tasa mai lotsattsen baki, sai ludayin ya tsaya a hannunta. Ta san tasar. A cikinta Gwaggo Hajo take zuba wa yarinyar nan tuwo.

Gwaggo Hajo yayar marigayi Hammadu ce, mijin Ma'u, wanda ciwon ciki ya ɗauke shekara guda da 'yan watanni da suka wuce, ya bar ta da jaririya, wato Lami. Yarinyar nan kuwa 'yar farin Ma'u ce, shekararta shida. Murjanatu aka raɗa mata, sunan mahaifiyar Hammadu. Tun ranar suna har zuwa wannan Laraba, sunan bai taɓa fita daga bakin Ma'u ba. Su Fulani ne da suka daɗe da zama cikin birni. Shanu sun ragu, Fillanci ya ragu a bakin yara, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda kakanni suka bar ta. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta na wane ne sai ta nuna wani. Da aka yaye yarinyar, Gwaggo Hajo ta goya ta zuwa gidanta a Gwammaja, domin ita haihuwarta huɗu, babu wanda ya kai yaye. Ma'u ta yi kukanta a bayan ɗaki, ta wanke fuska, ta fito. Duk sati biyu takan je gaisuwa, ta saci kallon kitson yarinyar da tafin ƙafarta da yadda take numfashi, ta dawo. Yarinyar ma Adda, wato Yaya, take ce mata.

Ma'u ta tambayi Asibi dalilin da Gwaggo take fitar da kayan ɗakinta. Asibi ta saki baki tana kallonta.

"Au, ke 'yar Fillo, ba ki sani ba? Gabas za su, ita da mijinta Malam Maharazu. Hajjin ƙasa. Alhamis ta sama motarsu za ta tashi."

Ma'u ta ce Allah ya kai su lafiya. Sannan a hankali ta tambaya wa za a bar wa yarinyar nan.

Asibi ta rage murya. Ta ce ai da ita za a tafi. An yi mata lamba a dantse, an sayo mata takalma sababbi, kuma a takardar tafiya an rubuta ta 'yar Hajo. Ta ce duk Gwammaja an san uwar ta yarda, tun da ta faɗa da bakinta a gaban mai unguwa.

Kokon ya kama a gindin tukunya, Ma'u ba ta ji ƙaurinsa ba. Ta tuna ranar. Sati uku ke nan, ta je gaisuwa gidan cike da dangin miji, sai aka yi sallama a soro. Mai unguwar su Gwaggo ne, da wani dattijo maƙwabci, Malam Yero mai fataucin shanu, da Gidaɗo, yayan Hammadu. Ta ji Gidaɗo yana cewa ai ga uwar ma tana ciki. Mai unguwa ya ɗaga murya daga bayan ƙofa ya tambaya yarinyar nan ta wace ce. Mata kusan goma suka zuba wa Ma'u ido. Ta sunkuyar da kai ta ce ta Gwaggo ce. Ya sake tambaya, ba ta da wata magana a kanta? Ta ce ba ta da ita. A watan nan masu lamba suna bin unguwanni saboda agana, ta ɗauka lissafin yaran da za a yi wa ake yi. Har wata tsohuwa ta yaba mata, ta ce Hammadu ya auri 'yar mutunci.

Ma'u ta san Gabas, ko da yake ba ta taɓa wuce Ƙofar Ɗan Agundi da nisa ba. Tana 'yar shekara bakwai kawunta Ilu ya bi hanyar nan da matarsa da yara biyu, ɗaya sa'arta ce, tare suke wasan 'yar tsana. Shekara biyar ba labari. Daga baya wani alhaji da ya dawo ya ce ya bar su a ƙasar Sudan suna tsintar auduga don su sami guzurin ƙarasawa. Bayan wasu shekaru wani ya ce Ilu ya rasu, matar ta yi aure can. Yaran kuwa babu wanda ya iya cewa ga inda suke. Har yau Inna, mahaifiyar Ma'u, takan ambace su in ta idar da salla.

Ga kuma abin da Ma'u ta sani wanda ba kowa ya lura da shi ba: yarinyar nan tana da tari mai tashi in ta sha sanyi, kuma ba ta iya riƙe ƙishirwa.

Inna ba ta so a kai maganar ko'ina ba. Ta ce a bi ta hanyar manya. Aka aiki wani dattijo cikin danginsu ya je ya roƙa, ya dawo da la'asar yana girgiza kai. Gwaggo Hajo ta ce ita ta ci kashin yarinya da fitsarinta shekara huɗu, kuma uwar ta sallama a gaban shaidu. Gidaɗo ya ce wane irin mutum ne zai hana marainiya ganin Ɗakin Allah. Da Ma'u ta ambaci alƙali, Inna ta ajiye carbi. Ta ce a zuriyarsu ba a taɓa jin macen da ta kai dangin mijinta ƙara ba, balle a kan ɗan fari. Da wane bakin za ta tsaya gaban maza ta ce nata ne?

Ma'u ma tambayar da take yi wa kanta ke nan.

Abin da ta sani game da ɗakin shari'a bai wuce abin da ake tsorata yara da shi ba: 'yan doka da kulake, ɓarayi ɗaure da igiya, bulala a bainar jama'a. Ta kuma ji labarin mutanen da suka dafa Alƙur'ani a can, wani ya haukace kafin kaka, wani gobara ta cinye gidansa. Amma ta ƙirga kwanaki a yatsunta, ta ga saura takwas, ta ga kuma babu wani babba da ya rage da za a aika.

Ranar Litinin ta goya Lami, ta lulluɓa, ta ce wa Inna za ta dubiya. Asibi tana jiranta a bakin lungu. Ita Asibi sau biyu tana kashe aurenta a gaban alƙali, ta san ƙofar shiga da ta fita. Duk hanya tana ba ta ƙarfin gwiwa, wai alƙali mutum ne, goro yake ci kamar kowa. Suka sami muhuti, wato malamin da yake rubuta ƙararraki, zaune a wani ɗan ɗaki da tawada da alƙalami. Ya tambayi sunanta da na wadda take ƙara, ta faɗa. Ya tambayi sunan yarinyar. Ma'u ta dubi ƙasa. Asibi ta yi caraf ta ce Murjanatu.

Muhuti ya rubuta, sannan ya ɗago ya dubi Ma'u ta saman takarda. "Yau na karɓa daga bakin wannan. Ranar shari'a babu mai ara miki baki."

Aka ba da sammaci, aka sa Laraba, ana gobe motar za ta tashi.

Kwana biyun nan Ma'u ta yi su kamar mai zazzaɓi. Ranar Talata ta ɗebo gero ta ce ita za ta yi dakan fura. Duk saukar taɓarya sai ta gwada faɗin sunan a ƙarƙashin ƙarar turmi, yadda babu mai ji. Harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Sunan surukarta ne, matar da ko inuwarta Ma'u ba ta taɓa takawa ba, kuma sunan 'yar farinta ne. Geron ya daku har ya wuce misali, ba ta kai ƙarshen sunan ko sau ɗaya ba.

Laraba aka tashi da yayyafi. Wannan karon ba ta ɓoye wa Inna ba. Inna ta juya mata baya, amma da Ma'u ta kai soro ta ji tsohuwar tana cewa Allah ya tsare.

A ƙofar ɗakin shari'a mutane sun cika gindin wata bishiya. Mata suna gefe guda a rakuɓe. Ɗan doka ya nuna wa Ma'u da Asibi inda za su zauna, kusa da ƙofa, ana jin duk abin da ake yi a ciki. Aka fara shiga da wani saurayi da aka kama da akuyar mutane. Ya amsa laifinsa, aka yanke masa watanni, aka fito da shi ta gaban Ma'u, igiya a ƙugunsa, idonsa jawur. Ta ja mayafi ta rufe kan Lami. Bayansa wasu maƙwabta biyu suka shiga a kan indararo, ɗaya ya ce ruwan soron ɗayan yana cin gindin katangarsa. Alƙali ya ce a tura magina biyu su je su gani da idonsu kafin ya ce komai. Sai wasu 'yan'uwa masu jayayya a kan iyakar gona, aka ce su kawo dattawan da suka san inda tsohuwar kuka take. Ma'u ta lura da abu guda: alƙalin nan ba ya ɗaga murya, kuma duk abin da mutum ya faɗa sai ya sa an maimaita, an rubuta. Wannan bai kwantar mata da hankali ba. Ita ma ai ta faɗi magana, an kuma ji.

Can ta hango su suna tafe. Gidaɗo a gaba, Malam Maharazu, mai unguwa da Malam Yero, sai Gwaggo Hajo a baya riƙe da hannun yarinyar. An yi mata sabon kitso, takalman sun yi mata yawa, tana jan su a cikin taɓo. Da ta ga Ma'u ta yi murmushi ta ce, "Adda, kin ga takalmina?" Ma'u ta kawar da kai yadda ta saba, sannan ta ji haushin kanta.

Aka kira su. Manya suka tuɓe takalma, suka durƙusa. Ɗakin yana da duhu-duhu da ƙamshin tsofaffin littattafai. Alƙali tsoho ne siriri, da tabarau, yana zaune a kan buzu, littattafai jibge a damarsa, muhuti a hagunsa. Asibi aka tsayar da ita a bakin ƙofa.

Alƙali ya ce mai ƙara ta faɗi abin da ya kawo ta. Muryar Ma'u ta fito siririya, har sai da ɗan doka ya ce ta ɗaga. Ta ce, Allah ya gafarta Malam, yarinyar nan ce za a tafi da ita Gabas, ita kuwa ba ta so. Ya tambaya ko ta yi wani auren bayan rasuwar mijinta, ta ce a'a. A ina take zaune? Gidan mahaifinta, tare da mahaifiyarta. Ya juya ga Gwaggo Hajo.

Gwaggo ba ta yi rawar murya ba. Ta ba da labarin yaye, da ƙyandar da yarinyar ta yi ita ta yi jinya, da yadda ba ta iya barci sai ta riƙe gefen zanenta. Ta ce ba sace ta za ta yi ba, Ɗakin Allah za ta kai ta. Ta ce uwar da kanta ta ce yarinya tata ce, ba ta da magana a kanta, ga shaidu nan biyu. Aka tambayi mai unguwa, ya tabbatar. Aka tambayi Malam Yero, ya ce haka aka yi, da kunnensa ya ji. Alƙali ya tambayi Ma'u ko ta faɗi haka. Ta ce ta faɗa.

Alƙali ya jawo wani littafi ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya karanta da Larabci, sannan ya fassara. Ya ce uwa ita ta fi kowa cancantar riƙon 'yarta matuƙar ba ta yi wani aure ba, gwaggo tana can baya a layi. Amma in uwa ta sauke haƙƙinta da bakinta, da saninta, ba tare da wani uzuri ba, to, littafi bai ba ta damar dawowa ta ce ta fasa ba.

Ma'u ta dafa ƙasa da hannu biyu. A gefen idonta ta ga Gidaɗo yana gyara zama.

Alƙali bai rufe littafin ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya dubi Malam Yero, ya tambaye shi kamar mai hira ko shi ma Bafillace ne. Ya ce ƙwarai. 'Ya'ya nawa? Tara, Allah ya raya. Babban fa? Yana nan, har ya fara furfura. Uwarsa tana da rai? Tana nan.

"To, Malam Yero, in na aika yanzu a tambaye ta, a gaban danginka, wannan mai furfurar ɗan wane ne, me za ta ce?"

Dattijon ya yi 'yar dariya, ya shafa gemu, ya dubi Gidaɗo, ya dubi ƙasa. "Allah ya gafarta Malam, cewa za ta yi na yayata ne. Ko jiya da ya shigo gaishe ta, bango ta juya tana amsawa."

"Ta ba yayarka shi ke nan?"

"A'a. Kunya ce kawai."

Wani a bakin ƙofa ya yi dariya, ɗan doka ya harare shi. Alƙali ya juya ga mai unguwa, ya tambaya ko ya gaya wa matar nan cewa takardar tafiya ake cikawa. Mai unguwa ya ce shi ya ɗauka ta sani, tun da a gidan ya same ta. Aka tambayi Gidaɗo, ya ce shi bai ga dalilin da zai zauna shawara da matar ƙanensa ba, ya bar wa mata su gaya mata. Aka tambayi Gwaggo Hajo. Ta ce ta so sai an kusa tafiya, don kada a daɗe ana kuka. Alƙali ya kuma tambaya ko Gidaɗo, da yake shi ne waliyyin yarinya, yana cikin matafiyan. Ya ce a'a, shi yana nan.

Alƙali ya ce wa muhuti ya rubuta duk wannan. Ya ce maganar da kunya ta sa aka faɗa daban, sallamawa daban. Amma shi ba ya ganin zuciyar mutum. Shaidu sun ji abin da baki ya faɗa, abin da ke ciki kuwa sai mai shi. Saboda haka mai ƙara za ta rantse cewa ranar nan ba ta san da tafiyar ba, kuma ba ta nufi sallama 'yarta ba. In ta rantse, yarinya tata ce. In ta ƙi, maganarta ta farko ta zauna.

Abin da Ma'u take gudu tun daga gida ya iso.  Wani abu kuma ya faɗo mata a rai wanda ya fi komai tayar mata da hankali. Ta ce, Allah ya gafarta Malam, tana da magana. Ta ce ita fa ta sha jin Gwaggo tana cewa in Allah ya yarda sai ta je Gabas kafin ta mutu. Tun Hammadu yana da rai take faɗa. To, in ta rantse ba ta sani ba, alhali ta taɓa ji, yaya ke nan?

Daga bakin ƙofa ta ji Asibi ta ja tsaki a hankali, irin na wanda yake ganin an ɓata shiri.

Alƙali ya dube ta sosai a karo na farko. Ya ce duk Musulmi yana faɗin haka, shi ma yana faɗa, ga shi nan zaune. Ba a kan buri za ta rantse ba. Ranar da mai unguwa ya tambaye ta, ta san an sa rana, an yanki takarda, za a tafi da yarinyar? Ta ce ba ta sani ba. Ya ce to, a kan wannan kaɗai za ta rantse. Ya ƙara da cewa rantsuwa ba ta kama "yarinyar nan", domin yara sun yi yawa a Kano. Sai ta ambaci sunanta, ta kuma faɗi abin da take a wurinta.

Aka ce ta je ta yi alwala. Wata tsohuwa mai share wurin ta kai ta bayan ɗakin, ta tambaye ta a kunne ko tana da tsarki, ta miƙa mata buta. Ma'u ta yi alwala. Da ta dawo an ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa ta jar fata, muhuti yana riƙe da shi da hannu biyu.

Sai Gwaggo Hajo ta yi magana, ba da ƙarfi ba, ba kuma da faɗa ba.

"Ma'u, kina da goyo a bayanki. Ki tuna."

 Kowa ya san abin da take nufi, rantsuwa in ta tashi kamu ba ta zaɓe. Ma'u ta ji numfashin Lami a tsakanin kafaɗunta, ɗumi-ɗumi, da ɗan hannunta da ya saƙalo ta hammata. Asibi ta miƙo hannu daga ƙofa alamar a ba ta yarinyar. Ma'u ta kai hannu ga majanyi za ta kwance, sai ta tsaya. In ta sauke Lami, ta nuna tana shakkar abin da za ta faɗa ke nan. Ta sake bin ranar nan a zuciyarta daki-daki, soron, muryar mai unguwa, masu lamba, matan da suka zuba mata ido. Ba ta sami ƙarya a ciki ba. Ta ƙara tamke majanyin.

Ta ɗora hannu. Muhuti ya faɗi kalmomin rantsuwa, tana bi, har aka zo wurin suna, ya yi shiru yana jiranta. Ga Gidaɗo, ɗan mai sunan, zaune taku uku daga inda take. Ga Gwaggo, 'yar mai sunan. Ma'u ta dubi yarinyar, wadda ta tuɓe takalmi ɗaya ta rungume a ƙirji tana kallon kowa da manyan idanu, ga tabon lamba a dantsenta bai gama warkewa ba.

"Murjanatu," in ji Ma'u. Muryar ta fashe, ta sake. "Murjanatu 'yata ce, ni na haife ta. Ban san za a tafi da ita ba, ban kuma bayar da ita ba."

Gidaɗo ya sunkuyar da kai yana salati. Yarinyar ta waiga tana neman wanda ya kira ta, domin ba ta san sunanta a wannan muryar ba.

Alƙali ya tambayi Gwaggo Hajo ko tana da sauran hujja. Da Gwaggo ta yi magana, ba hujja ta kawo ba. Ta ce yarinyar ba ta cin miyar kuɓewa, kuma in tarin ya taso, a dafa mata citta da kanumfari, kada a ba ta ruwan randa da safe. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Alƙali ya yanke cewa riƙon Murjanatu yana hannun uwarta. Ya umarci mai unguwa ya mayar da takardar tafiya a cire sunanta yau ɗin nan. Ya ce wa Ma'u kada ta manta matar nan ta yi mata wahalar shekara huɗu, in Allah ya dawo da ita, ba a hana ta ganin yarinya. Kafin su gama miƙewa an kira masu ƙara na gaba.

A waje yarinyar ta ƙanƙame zanen Gwaggo, sai da Malam Maharazu ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ma'u ta kama wuyan hannunta. Rabonta da riƙe hannun nan a gaban mutane tun kafin yaye. Suka bi lungu, yarinyar tana kuka tana tirjewa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannun Asibi. Mata suna leƙowa ta ƙofofi. Ma'u ba ta sassauta riƙon ba har Gwale, sai da suka shiga gida ta ga shatin yatsunta a hannun yarinyar, ta ɗebo man shanu ta shafa mata.

Inna ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta dubi jikarta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta koma ɗaki.

Washegari Alhamis, tun da aka idar da sallar asuba Ma'u ta sa sakata a ƙofar soro, abin da ba a yi a gidan da rana. Ta zauna a nan ta jingina da ƙyauren. Duk takun da ta ji a lungu sai gabanta ya faɗi. Jim kaɗan ta kai hannu ta taɓa goshin Lami, jim kaɗan ta sake taɓawa. Lafiyarta ƙalau, sai ƙiriniya. Babbar kuwa tana tsakar gida zaune da takalmanta a ƙafa, ta ƙi koko, ta ƙi magana, sau ɗaya kawai ta ce, "Adda, yaushe za a mai da ni gida?"

Rana ta take tsaka kafin a ƙwanƙwasa. Ma'u ba ta buɗe ba sai da ta tabbatar muryar Asibi ce, kuma ita kaɗai ce. Asibi ta ce motar ta tashi, da idonta ta gani, Gwaggo tana zaune a kan buhuna ba ta waiwayo ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar tasar nan mai lotsattsen baki. Ta ce Hajo ta ce a janye ta daga kayan sayarwa, yarinyar ba ta cin abinci a wani kwano.

Ma'u ta wanke tasar, ta zuba ɗumame da miyar kuka, ta ajiye a inuwa. Ta tsaya riƙe da murfin tukunya. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take.

"Murja," ta ce, ƙasa-ƙasa. "Zo ki ci."

A ɗaki Inna ta yi gyaran murya. Yarinyar ta dubi tasar ta daɗe, sannan ta taso tana jan takalma.